Sale Gobe

A unguwarmu a Gadarif ba mai kiran mahaifiyata da sunanta Asiya, Ɗiyar Alhaji ake ce mata. Ubanta Sale ya taho daga Haɗeja da ƙafa zamanin Turawa, ya ajiye iyali a nan, ya ce zai je Bur Sudan ya haye Makka. Ita ko wayo ba ta gama yi ba. Daga baya wani alhaji ya kawo labarin ya rasu a can, an binne shi a ƙasa mai tsarki. Da wannan ta girma, da shi take ado. Ko cacar baki ake, sai ta tuna wa mutum inda ubanta yake kwance.

Hamad direba ne, Bahaushen Bur Sudan. Ya zo ɗaukar riɗi, motarsa ta lalace, na kawo shi gida cin abincin rana. Mutum ne da in ya fara zance sai dai a yi haƙuri. Yumma, wato mahaifiyata, tana gefe tana soya bunnin jabana, ƙwayar gahawa ke nan, shi ko ya kama ba mu labarin garinsu.

"Ya Taha, garin nan Turawa suka tsire shi a fili, da tsohuwar tashar Sawakin ta yi wa manyan jirage ƙunci. Su suka zauna bakin ruwa, Girkawa suka riƙe kasuwa, mu da 'yan ƙabilar Hadandawa aka watsa mu bayan gari cikin ɗakunan katako. Kakanninmu hajji ya kawo su, mina, tashar jiragen ruwa, ta riƙe su da dako. Akwai ma wani ɗan garinku, Sale Gobe."

Na ce, "Gobe kuma?"

"Kullum gobe zai haye. Ya tsufa yana shugaban kalla, wato ƙungiyar 'yan dako, bai taɓa taka jirgi ba sai da buhu a ka. Bahaɗeje ne, yatsansa ɗaya guntu. In za a cicciɓi kaya sai ya ɗaga murya, 'Don Asiya ta Gadarif,' a amsa masa. Wallahi muna yara har wasa muke da shi."

Wannan guntun yatsan tun ina yaro nake jin labarinsa, lauje ne ya cire shi. Na yi wa Hamad ido, amma ina, ya yi nisa.

"Ai shi da bakinsa ya ce a gaya wa iyalinsa ya mutu a Makka. Wai da wace fuska mutum zai koma, an raka shi da addu'a, ya dawo ba hajji? Ko aure bai sake ba, miskin."

Bunni ya ƙone a kasko, hayaƙi ya cika tsakar gida, Yumma ba ta motsa ba. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, kuma na tsorata.

Ta ce, "Ya waladi, ɗana, yaushe ya rasu?"

Sai a nan Hamad ya dube ta sosai. Ya ajiye lomar da ke hannunsa. "Hajja, ke ce..."

"Tambayarka na yi."

"Bayan babbar yunwar nan ta tamanin da huɗu. Yana maƙabartar unguwarmu."

Wato ina da wayona kakana yana raye, riɗin da muke nomawa a kansa yake shiga jirgi. Haushi ya kama ni, na rasa wa zan ji wa, mamacin ko wanda ya kawo zancen.

Yumma ta sauke kaskon a hankali.

"A zamaninsa, su wa ke ɗaukar kayan alhazai zuwa jirgi?"

Hamad ya sunkuyar da kai. "Kallarsa ce, Hajja. Ba ya bar wa kowa."



Ta ce, "Ta Bur Sudan na bi nawa hajjin, Taha kana goye. Na je Makka ina bin kaburbura ina kuka, ina tambayar Larabawa inda aka sa Sale." Ta juyo gare ni. "Ranar da muka hau jirgi na ji 'yan dako suna kiran Asiya. Na ce a raina, kowace ce wannan, ta yi dace da uba."