Fentin da Hajjo Ta Kankare

Lawali mai walda ya danna babban yatsansa a jikin injin ban ruwan, ƙarfen ya burma kamar ɓawon ƙwai. Wani farin gari ya zubo masa a tafin hannu.

"Matar Yaya, mi kika yi ma injin ga?"

Hajjo ta gyara mayafi. Da hantsi ta ɗoro injin a amalanken jaki daga lambunta na Gulbin Kaba zuwa Mayahi. Albasarta ta fara kwanciya don ƙishi, mijinta Mamudu, yayan Lawali, kuwa yana Aljeriya, injin ne kawai ya bar mata ta ci da gida.

"Ban yi mai komi ba. Kula ce nike yi da shi."

"Ina jan fentin da ya zo da shi?"

"Ya dushe, ya yi muni. Na sa toka da yashi na dirje shi fes, kamar tukunya."

Lawali ya yi dariyar da ba ta daɗi ba. Ya yanka lemun tsami ya matsa a kan ƙarfen, nan take wurin ya hau kumfa yana tsuwa.

"Kin gani? Wanga ba alminiyon ba ne, manyeziyom ake ce mai. Ga rashin nauyi, ga ragwanci. Fentin ne rigarshi. Kin tuɓe shi tsirara, kin ba ruwan rijiyarku mai zartsi, ya cinye."

"To ka liƙe man shi."

"In sa mai wuta ya tashi da rumfata? Ko da ruwa ba a kashe wutar wanga ƙarfe."

"A sake fentin mana."

"A shafa ma mi? Rami?"

Ya kira wani ɗan piyes, mai saida kayan gyaran inji a Tasawa, ta waya. Mutumin ya ce sai dai a aika Maraɗi, a can ma sai an dace. Albasa ba ta san jiran dace ba.

"Lawali, in ta mutu da mi zan ciyar da yaran yayanka?"

Ya sunkuyar da kai yana goge hannu. "In aro ne, irinshi ɗaya ya rage a gulbin. Na gidan Sa'a. Tun da suka saye shi ko tsumma bai taɓa ganin jikinshi ba, shi ya sa yake raye."

Sa'a maƙwabciyarta ce, wadda Hajjo ta kira ƙazama a gaban mata ranar wani suna. Tun daga ranar ba su sake gaisawa ba.

Da la'asar ta tsayar da jakin a bakin shingen Sa'a. Injin yana can yana ruri, baƙi ƙirin, baƙin mai da kashin kaji sun yi masa sulke, ruwa na bulbulowa cikin kwamin shuka. Sa'a ta ɗago kai, ta dubi amalanken, ta dubi Hajjo, ta ci gaba da cirar ciyawa.

Hajjo ta tuɓe takalmanta a bakin shingen, ta yi sallama.