Batiran Guri

Abigail Caleb ta dawo Haɗeja hutu a watan Afrilu, tana tsakiyar aikin digirinta na uku. A garin aka haife ta. Mahaifinta mutumin kudancin Kaduna ne, ya shekara talatin yana koyar da lissafi a nan. Aikin nata wata manhaja ce mai koyo da kanta. An ɗura mata sakamakon dubban gwaje-gwaje, sai take hasashen yadda sinadarin lithiyam ke shiga da fita a farantan cikin batir, da lokacin da farantan za su fara tsagewa.

Ranar wata Laraba ta kai cajar kwamfutarta gyara wajen Malam Badamasi, mai gyaran kayan sola a bakin kasuwa. A bayan shagon ta ga tulin batira duk sun kumbura. Ya ce na manoman garin Guri ne masu ban ruwa da sola. Ta karanta rubutun jikin ɗaya, ta gane sinadarin, don shi ta fi aiki a kai. Ta ce masa irin wannan ya kamata ya shekara bakwai.

"Malama," in ji shi, "wanda ya ga rani biyu ya yi ƙoƙari."

Da farko ta ɗauka jabu ne. Ya ce daga hannun dillalai uku suka fito, kuma duk mutuwarsu iri ɗaya. Sai ta roƙe shi ya kai ta ta gani.

Ranar Asabar suka je Guri, gonar wata mai noman tattasai, Mairam. Batirinta yana cikin akwatin kwano da kwaɗo, saboda ɓarayi, a fili cikin rana. Abigail ta sa ma'aunin zafi a ciki da azahar. Ya nuna digiri hamsin da takwas.

Da ta koma gida ta bi bayanan da aka koyar da manhajar. Babu gwaji ko ɗaya da zafinsa ya wuce talatin da biyar. Kunya ta kama ta, don ta riga ta gabatar da sakamakon a gaban malaman sashensu, har an yaba mata.

Ta kira malaminta a waya ta ce babi na huɗu na aikinta sai an sake rubuta shi. Ya tambaye ta wata nawa hakan zai ɗauka. Ta ce shida. Ya yarda, amma ya ce ta kawo awo na gaske daga gonakin.

Ta ɗaura ma'auni a gonaki biyar. Mairam ta sa aka yi wa akwatinta ɗakin laka da rufin ciyawa, zafin ya sauko arba'in da ɗaya. Malam Badamasi ya ba Abigail matattun batira goma sha biyu ta kai ɗakin gwaji na jami'arsu. Direban tasha ya ƙi ɗauka, ya ce za su iya kamawa da wuta. Sai da ta ƙara kwana uku kafin Malam Badamasi ya samo mata buɗaɗɗiyar mota, suka jera batiran cikin yashi don gudun gobara.