Fitilun da Ke Kallon Ƙasa

Duk wanda ya taɓa sayen ɗanyen kifi a kasuwar Yelwa ya san Ɗangana. Ko bai san sunansa ba, ya san tarinsa da ƙarar tsohon babur ɗinsa. Mutum ne da ruwa ya nema sau uku bai samu ba. Yana da shekara goma sha biyu aka toshe kogin Kwara a Kainji, tafki ya haɗiye tsibirin da aka yanke masa cibi, ya fito da akuya a saɓe. Yana saurayi dorina ta raba kwalekwalensu biyu, ya yi iyo har gaɓa, ko hularsa ba ta faɗi ba. Na uku jirgin kasuwa ne ya kife da su ranar iska, ya fito da mutum biyu, ɗaya a kowane hannu. Bai taɓa zama a aji ba, kuma har yau ba a haifi ɗan bokon da zai karanta masa ruwa ba.

Da gwiwa ta ƙi zaman jirgi sai ya koma babur. Shekara ashirin da biyu yana ɗauko wa Hajiya Dudu kifi daga Tungar Kwalo, can wajen Ngaski, yana kai mata rumfarta a Yelwa tun kifin yana motsi. Daga tungar zuwa kwalta tafiyar kusan awa guda ce a kan wata siririyar hanya da ta ratsa fadamun shinkafa, dama ruwa, hagu taɓo, a wani wurin faɗinta bai wuce tabarma ba. Ɗangana ya san ta kamar tsakar gidansa.

Sai bara ta ba shi kunya. A ƙarshen damina tafki kan yi numfashi da asuba, wani farin hazo mai jiƙa gira da riga ya taso ya kwanta a kan fadama. Cikinsa Ɗangana ya shiga da fitilar babur ɗinsa wadda ta tsufa tare da shi, ya saki hanya, ya zube cikin shinkafa. Tarwaɗa cikin kwando guda suka samu ruwa suka yi gaba abinsu. Shi bai ko ƙuje ba, amma labarin ya riga shi shiga gari.

Bana da ruwan sama ya fara ɗaukewa, Dudu ta kira shi bayan rumfa, ta ba shi kujera. Da ganin kujerar ya san ba alheri.

"Malam Ɗangana, idonka ya gaji," ta ce. "Ba zagi ba ne, nawa ma ya gaji. Zaidu ya sayi sabon mashin, ya sa mashi hitila huɗu. Bana shi za ya ɗauko."

Zaidu ɗanta ne, magidanci mai 'ya'ya biyu, ɗan kabu-kabu a tashar kasuwa. Yana tsaye can gefe yana goge madubi, kamar ba ya ji.

"Hajiya, ranar da anka raɗa ma wanga yaro suna, ni na kawo giwan ruwan da anka ci."

"Na sani. Shi ya sa na ba ka kujera."

Ɗangana ya dubi ƙudan da ke yawo a bakin daro. Ba aikin ne kawai ba. Tsohon da aka karɓe wa hanya, gindin mangwaro ne makomarsa, a riƙa gaishe shi da ƙarfi kamar kurma.

"To a raba muna kaya," ya ce. "Ranar hazo na hwarko, kwando nai, kwandona. In kihin da ke hannu nai ya riga nawa isowa rumfar ga, in aje aikin da kaina, ba sai an sake ba ni kujera ba."

Dudu ta dubi ɗanta, ɗan ya ɗaga kafaɗa yana murmushi. Aka tsaya a haka.

Daga nan Ɗangana bai zame ko'ina ba sai shagon Magaji mai haɗa wayar babur. Fitilun zamani da ake ce wa LED sun cika shagon, 'yan ƙanana kamar gwangwanin madara, amma idan aka kunna ɗaya sai ka rantse rana aka gutsuro. Duk ɗan kabu-kabun da ya isa a Yelwa ya ɗaura su, kuma wuri ɗaya ake ɗaurawa: can sama kusa da madubi, farare tas, suna kallon gaba, domin tun daga nesa a san wane ne ke tafe.

Ɗangana ya zaɓi biyu masu gilashi ruwan ɗorawa, waɗanda suka yi ƙura a ƙasan kanta don ba mai so. Magaji ya kama ƙarfen madubi zai kwance.

"Ba nan ba. Nan." Ɗangana ya durƙusa da ƙyar, ya dafa ƙarfen da ke kare ƙafa a gefen inji, daidai ƙwauri.

"Baba, nan ai taɓo za su sha."

"Tsumma gare ni."

Magaji ya ɗaura, ya ja waya zuwa batir, ya sa makunni a hannun hagu. Da ya kunna, Ɗangana ya sa hannu ya danne kawunan fitilun har haskensu ya faɗi ƙasa, taku goma gaban taya, ɗaya ta karkata dama kaɗan, ɗaya hagu. Sannan ya sa aka yanko gwangwani aka yi wa kowace 'yar rumfa a sama.

'Yan kabu-kabun da ke jiran gyara suka taru.

"Baba, allura ta ɓace maka ne?"

"A'a, kwaɗi za ya fara kamawa, kihi ya gagara."

"Hitila da hula, sai a yi mata rawani."

Zaidu ma ya iso, ya kunna nasa huɗu da rana tsaka har wani mai tallan rake ya kare fuska.

"Baba, in ka ga wanga haske bayanka, ka ba ni hanya kurum."

"Bayana ka ce ko? Allah shi amsa."

Bai yi musu bayani ba, don ba kowane kunne ya cancanci magana ba. Abin da ya sani, a jirgi ya koya. Zamanin da ba inji, idan hazo ya rufe su a tsakiyar ruwa, ubansa kan sauko da fitilar ƙwai daga kan gora, ya ɗaure ta a hancin jirgi dab da ruwa, ya kifa mata sakaina a ka. Hasken da ke daidai ido, hazo yake bugu ya dawo wa mai shi. Amma hazo ba ya kauri a ƙasa, akwai 'yar tazara tsakaninsa da fuskar ruwa, kuma ta nan ake leƙa kututture da dutse. Bara da ya faɗi, fitilar gabansa ce ta makanta shi, ba duhu ba. Shekara guda yana jin haushin kansa, ya manta abin da ya sani tun bai yi gemu ba.

Kwana tara hazo bai zo ba. Ranar na goma, da aka sallame Asuba a Tungar Kwalo, liman bai ga sahun baya ba. Masunta suka shigo gaɓa da kiran juna. Aka cika kwanduna biyu da karfasa da tarwaɗa, aka rufe da jiƙaƙƙen buhu, aka ɗaure wa Ɗangana da Zaidu kowa nasa da roba. Wasu 'yan kabu-kabu uku da suka kwana tungar da kayan wasu mata su ma suka tayar.

Zaidu ne ya fara fita. Ya kunna huɗun nan, hazo ya yi fari fat kamar an shanya zane a gabansa. Ukun suka bi shi. Ƙararsu ta yi nisa, ta ɓace.

Ɗangana ya gyara hula, ya yi bisimilla. Babbar fitilar gaba ya ɗaure mata tsumma, ya danna makunnin hagu. Ƙasa ta buɗe. Sama da gwiwarsa ba komai sai fari, amma a ƙasa ga hanya shimfiɗe cikin haske ruwan ɗorawa: sawun taya, bakin ciyawa ta dama, bakin taɓo ta hagu, har da wani kwaɗo da ya tsaya yana kallonsa. Bai yi gudu ba. Giya ta biyu ya sa, yana tafe yana gaisawa da ramukan da ya sani.

Idon kuwa ya gaji, wannan Dudu ba ta yi ƙarya ba. Ruwa yake yi, sai ya goge da kafaɗa. Amma taku goma ba ya gagarar idon da ya taɓa hango dorina a ƙarƙashin ruwa.

Wajen kwalbatin da hanya ke yin gwiwa ya fara jin muryoyi. Sai ga wani farin dunƙulen haske a gefen hagu, inda ba hanya. Zaidu ne, tsaye cikin shinkafa, taɓo har cinya, ya rungume babur kada ya kwanta, fitilunsa huɗu suna haska sama. Sauran ukun sun tsaya cirko-cirko a kan hanya, kowa ƙafa a ƙasa, ba mai iya gaba, ba mai iya juyawa.

Ɗangana ya tsaya, bai kashe inji ba.

"Wa ke noman shinkafa da sassafe haka?"

"Baba, ni ne." Muryar ta yi laushi.

"Au, mai hitila huɗu. Ka ga hanya kuwa?"

Ɗangana ya dubi kwandon da ya karkace a bayan Zaidu, robar ɗaya ta tsinke, wata tarwaɗa ta fito da kai tana shinshinar ruwa. Ya san wannan kallon, bara ya gan shi. Hanya a buɗe take gabansa, da ya wuce da ya gama da yaron. Amma kifin Dudu ne, kuma shekara ashirin da biyu ba ya wuce kifin Dudu a taɓo.

"Ku kashe waɗanga hitilu duka, kuna kashe muna ido. Kai, kama mashi kai. Ku biyu ku sauko da kwandon tukuna, mashin ba ya hita da kaya."

Aka kashe. Nan take kowa ya ga ƙafarsa cikin hasken Ɗangana. Aka ciro kwandon, aka jawo babur yana zubar da taɓo. Kariyar ɗaukar kaya ta babur ɗin Zaidu ta lanƙwashe.

"Ba ta ɗaukar kaya haka," in ji Ɗangana. "Ku aza shi bisa nawa."

Aka aza, ya ɗaure da kansa, ɗaurin masunta.

"Yanzu kowa shi bi jar wutar bayana. Wanda ya kunna hwarar hitila, in bar shi nan shi yi kaka."

Haka suka taho, tsoho a gaba da kwando biyu, samari huɗu a bayansa a jere kamar 'ya'yan agwagwa. A hanya suka tsinci wani mai kai madara da ya rasa gabas, da wani malamin makaranta da ke tura nasa. Su ma suka shiga layi. Tarin Ɗangana ne ke gaya musu yana nan.

Suna hawa kwalta rana ta keto, hazo ya fara yayyagewa. Hannun Zaidu ya yi abin da ya saba, ya murɗa, ya wuce fuu, taɓo na fallatsa daga tayarsa. Ɗangana bai ƙara gudu ko kaɗan ba. Can gaba sai aka ga Zaidu ya kai hannu baya ya shafa kariya, ya ji ba kwando. Jar wutarsa ta kama. Ya gangara gefen titi ya jira, da tsoho ya zo wucewa ya sunkuyar da kai ya koma layi.

Kasuwa ta fara cika sa'ad da suka shigo. Ɗangana bai kashe fitilunsa ba ko da yake gari ya waye sarai. Ya bi ta gaban shagon Magaji, hanyar da ba tasa ba, ya yi ham sau biyu, sannan ya juyo rumfar Dudu da jama'arsa a baya.

Dudu ta fito tana ɗaura gyale. Ta dubi kwanduna biyu a babur ɗaya, ta dubi ɗanta da taɓo ya yi wa wando.

"Zaidu, ina kihinka?"

"Inna, ga shi nan wurin Baba."

"Kai kuma mi ka ɗauko?"

"Shinkafa," in ji ɗaya daga cikin samarin. Rumfa ta ɗauki dariya, har Zaidu.

Dudu ta ɗaga buhu. Tarwaɗa suna ta bugun juna, ko ɗaya ba ta ɓace ba. Ta tura 'yar aikinta ta kawo kujerar nan. Ɗangana ya dube ta, ya dubi kujerar.

"Ta shan kunu ce," ta ce. "Gobe ma da asuba."

Sai a lokacin ya sauka. Gwiwar ta ƙi miƙewa, ya dafa kan babur kamar mai duba wani abu har ta saki. Kafin ya zauna ya ciro tsumma daga aljihu, ya durƙusa, ya goge taɓon da ke gilashin fitilun ɗaya bayan ɗaya. Zaidu ya tsuguna gefensa yana kallon 'yan rumfunan gwangwanin.

"Baba, taku nawa ka ce ma Magaji?"

"Ban ce mashi ba. Kawo mashin ɗinka bayan Azahar, ka zo da gwangwani biyu. Biyu za mu sauke ƙasa, biyun na sama ka bar su, ka riƙa haska ma 'yan mata."

"Ina da mata, Baba."

"To ka haska mata ita."

Ya karɓi kofin kunu, ya zauna, ya miƙe ƙafa a tsakiyar hanyar rumfa, masu sayen kifi suna kewaye ta.