Foldar da Yaya Ya Hana a Taɓa

Ƙarfe takwas na safe Auta ta shiga ɗan ɗakin da ke bayan wurin gwajin jini, inda aka ajiye sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin intanet na wurin, tare da tsintsiya da kwalayen safar hannu. Kafin tara ta yi, ta tashi daga kujerar nan ya fi sau goma. Ta buɗe taga, ƙarar titi ta dame ta, ta rufe, zafi ya dame ta, ta sake buɗewa.

Shafin da marasa lafiya ke duba sakamakon gwajinsu ta waya, yayanta ne ya rubuta shi, shi kaɗai, cikin shekara uku. Wata huɗu ke nan da rasuwarsa. Tsohuwar kwamfutar da shafin ke kanta kuwa, kamar dama jira take, ranar Litinin ta ce ga garinku. Manajan wurin ya sayo sabuwa aka ɗora mata tsarin Linux, alhali tsohuwar da tsarin Windows take aiki. Da ya kira Auta bai yi mata kwana-kwana ba. Ya ba ta zuwa ƙarfe ɗaya na rana, in shafin bai tashi ba, akwai kamfanin da ya daɗe yana yi masa zarya, za su share komai su gina nasu. Ba mugun mutum ba ne, sai dai yana cikin mutanen nan da ke tsayawa a bayanka kana aiki suna sauke numfashi a wuyanka.

Auta ta iya aikin. Shekara biyu ta yi a gefen Yaya tana koyo, amma ko waƙafi ba ta taɓa canzawa a cikin shafin nan ba. Don haka ta ɗauko faifan ajiyarsa ta kwafe komai zuwa sabuwar sabar, har da ƙatuwar foldar laburare, wato guntayen manhaja da wasu suka rubuta, masu gina shafi ke arowa don kada su ƙera komai da hannunsu. A bakin foldar Yaya ya bar takarda mai layi ɗaya da manyan baƙaƙe, cewa kada kowa ya taɓa. Tun zamanin da intanet ɗinsu ke rarrafe ya saba da hakan. Ya sauke sau ɗaya, ya ga yana aiki, shi ke nan ya kafa doka.

Ta ba da umarnin tayar da shafin, jan rubutu ya cika allo. Laburaren da ke manna hatimi da sa hannun likita a kan takardar sakamako ya ce shi ba don wannan tsarin aka gina shi ba. Ta sake kwafewa ko wani abu ya zube a hanya. Jan rubutun ya dawo. Ta kashe na'urar ta kunna, ta sake gwadawa har sau uku, sai ka ce naci zai sa inji ya ji tausayinta.

Ta leƙa ɗakin jira. Kujeru sun cika, wasu na tsaye. Ma'aikaciyar karɓar baƙi tana rubuta sakamako da biro ɗaya bayan ɗaya, wani dattijo na nuna mata wayarsa yana bayanin cewa mota biyu ya hau don abin da ya saba gani daga kan gadonsa. Auta ta koma da sauri. Tsoro take ji, da kunya, da wani haushi da ba ta san wa za ta ɗora wa ba. Manaja ya leƙo ya tambayi yaya ake ciki, ta ce ana kai. Ya dubi agogonsa yadda za ta gani.

Sha ɗaya saura ta kira Malama, matar da ta koya musu aikin nan ita da Yaya. Malama na cikin aji, amma ta fito baranda ta saurari jan rubutun da Auta ta karanto mata, ba ta ma bari ta kai ƙarshe ba.

"Goge foldar laburaren nan gaba ɗaya, ki bar sabuwar na'urar ta sauke nata da kanta."

"Malama, Yaya ya ce kada a taɓa."

"Allah Ya jiƙansa, ni ma na sha faɗa da shi kan foldar nan. Auta, abin da ke ciki ba aikinsa ba ne, kayan aro ne, an ɗinka su daidai jikin tsohuwar na'ura. Aikinsa shi ne jerin sunayensu da ya rubuta. Goge, ɗalibai na jirana."

Ta kashe wayar. Auta ta rubuta umarnin gogewa ta zuba masa ido. Ta san akwai kwafi a faifai, ta san babu abin da zai ɓace, amma yatsanta ya ƙi sauka. Ta tashi ta gyara kwalayen safar hannu da ba su nemi gyara ba, ta dawo, ta danna ba tare da ta zauna ba.

Sauke sababbin ya ci minti ashirin, tana ta kai-komo tsakanin ƙofa da taga. Laburare ɗari biyu da wani abu suka zauna lafiya. Ashe tsugune ba ta ƙare ba, don mai hatimin nan dai ya sake tirjewa, ya ce sai an gina shi a nan, kuma babu kayan gini. Ta sauke kayan ginin. Ya fara, ya yi nisa har ta soma murna, sannan ya tsaya. Sigar laburaren da Yaya ya ɗaure a jerinsa ta tsufa, sabon tsarin bai san da zamanta ba.

Wannan karon ba ta kira kowa ba, don ta ga inda gizo ke saƙar. Sai an ɗaga lambar sigar, kuma sabuwar ta canza yadda ake kiranta, ke nan sai an shiga cikin rubutun Yaya an gyara. Sha biyu da kwata. Ta buɗe fayil ɗin, ta gane hannunsa nan take, yadda yake barin layi biyu tsakanin kowane sashe, da kalmar nan da kullum yake rubutawa ba daidai ba. Wuri uku ne ke buƙatar gyara. Ta gyara na farko, na biyu ta yi kuskure ta goge ta sake, na uku ta yi shi tana cizon leɓe. Kalmar da ya kuskure kuwa ta bar masa abarsa.

Shafin ya tashi ɗaya saura minti ashirin. Ma'aikaciyar karɓar baƙi ta gwada da wayar dattijon, takarda ta fito da hatimi da sa hannu a inda suka saba zama. Manaja ya ce shi dama ya san za ta iya, ya fita yana waya yana ba mutanen kamfani haƙuri.

Saura abu ɗaya, a adana gyaran a kundin da ke riƙe tarihin duk canjin da aka yi wa shafin. Ta buɗe shi. Layi ɗari shida da goma sha huɗu, kowanne da sunan Yaya a gefensa, na ƙarshe kwana biyu kafin a kwantar da shi a asibiti. Na'urar ta ƙi karɓar gyaran, ta ce ba ta san mai yin sa ba, a fara gaya mata suna. Auta ta soma rubuta nasa, ta kai harafi na uku, ta tsaya. Ta goge, ta rubuta nata, ta danna. Sunanta ya hau saman nasa, sai a lokacin ta zauna sosai a kujerar, ta yi kukan da ta kasa yi tun wata huɗu.