Kujerun da Ba a Zama a Kai

Manaja ba manajan kowa ba ne. Mai tsaron sito ne a wani kamfanin fulawa, aikinsa ya ƙirga buhu in ya shigo, ya ƙirga buhu in ya fita. Mutanen layi ne suka laƙaba masa sunan saboda takalminsa da yake gogewa har sai ya ga fuskarsa a ciki, da jakar hannu da yake ratayawa ba komai a cikinta sai tsumman goge takalmin. Don tsokana aka sa masa, shi kuwa ya karɓa hannu biyu.

Bashin gidan ya samo asali ne daga wani zazzaɓi. Abokin aikinsa ya zo duba shi, aka ba shi benci ya zauna a falo, washegari ya je ya ba da labari a wurin aiki cewa in za ka gidan Manaja ka tafi da kujerarka. Manaja bai gama warkewa ba ya nufi shagon Mai Kujeru, ya zaɓi saitin da ya fi kowanne tsada: doguwa ɗaya, matsakaiciya ɗaya, ƙanana biyu, launin ruwan zuma, an sassaƙa kan zaki a kowane hannu. Biya kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata.

Mai Kujeru ya ce masa, "In biya ya gagare ka, ka dawo min da su yadda na ba ka, in karɓi kayana, in yafe maka sauran."

Haka yake faɗa wa kowa, don ya san ba gidan da ke da yara da kujera za ta yi wata guda tana sabuwa. A cikin duk masu sayen kayansa, Manaja ne kaɗai ya ɗauki maganar da gaske.

Ba a cire ledar da kujerun suka zo da ita ba. Manaja ya ƙara wata a kai, ya bi duk wata kafa ya liƙe da salatif, ya tura su jikin bangon da ke bayan banɗaki, ya rufe tagar falo ya saki labule kada rana ta koɗar da launi. Ya tara iyalinsa ya kafa doka: ba zama, ba jingina, ba ajiye kofi. Aka shimfiɗa tabarma a gaban kujerun, nan ake cin abinci, nan yara ke aikin makaranta, zakuna takwas suna kallon ƙeyarsu. Baƙo kuwa a ƙofar gida ake tarbarsa, a kan bencin nan dai, don in ya shigo zai so ya zauna.

Mutum ya ci bashi don kada a ce ba shi da wurin zama, ya wayi gari ba shi da wurin zaman, ga bashi. Manaja bai taɓa ganin abin ta wannan fuskar ba. A wurinsa kujerun jari ne.

Daga nan tsuke bakin aljihu ya shigo gidan. Sabulu sai an raba shi biyu da wuƙa. Ƙwan lantarkin tsakar gida aka cire. Sukari ya koma cikin aljihun tebur mai makulli, Manaja da kansa ke fito da shi da safe, cokali ɗaya ga kowane kofi, biyu ga nasa saboda aikin ƙwaƙwalwa. Man takalmi da turare ba su shiga cikin ragin ba, don a cewarsa kayan aiki ne. Kuɗin cefane ya zabge su kusan rabi, da ya ga tukunya ba ta daina tafasa ba sai ya riƙa yabon tsarinsa. Bai tambayi inda cikon ke fitowa ba.

Daga matarsa yake fitowa. Tela ce, Anti Tela ake ce mata a layin. Labule take ɗinkawa da zanen gado da rigar filo, amma a shagon wata mata take hayar keken ɗinki, duk abin da ta samu a raba biyu. Burinta guda ne a duniya, babban keke mai lantarki wanda ke cin yadi mai kauri ba ya tari. Shekara uku tana tara kuɗinsa a gwangwanin madara a ƙasan akwatinta, tana ɗiba in takalmin yaro ya tsinke, tana mayarwa. Mai sayar da kekuna ya ajiye mata guda ɗaya, na hannu amma lafiyayye, ya ce in ƙarshen wata ya wuce zai ba wani. Kuɗin suka cika a daidai makon da Mai Kujeru ya gaji.

Manaja ya yi wata huɗu bai kai ko sisi ba. Mai Kujeru ya aiko cewa ko cikon kuɗi ko kujeru, kafin ƙarshen mako.

Da safe, bayan yara sun tafi makaranta, Manaja ya zuba wa matarsa sukari cokali biyu. Ta kalli kofin, ta kalle shi.

"Wa ya mutu?" in ji ta.

"Haba, Maman yara. Mutum ba zai kyautata wa iyalinsa ba?"

"Faɗi abin da ke bakinka, Baban yara, shayin zai huce."

Ya gyara zama a tabarma, ya yi gyaran murya irin ta shugaban taro. Ya ce ya yi nazari. Ya ce an riga an biya kashi biyu cikin uku, hauka ne a bar kaya su tafi saboda ɗan abin da ya rage. Ya ce abin da ya rage ɗin, da ikon Allah, ya yi daidai da abin da ke cikin gwangwaninta.

"Ka ƙirga ke nan."

"Gani na yi kawai. Aro za ki ba ni. Keke ai ba ya ƙarewa a kasuwa."

"Kujera ma ba ta ƙarewa. Ba kai ka ce jari ba ne? Shekara biyu ina zaman tabarma har gwiwata ta fara ƙara kamar ƙofa, duk don ranar nan. To ga ranar ta zo. Mayar masa da kayansa."

"A fito da kujeru daga gidana, layi yana kallo? Me za a ce?"

"Za a ce ashe akwai kujeru a gidan."

Ya yi maganar haƙƙin miji. Ya yi maganar rufin asiri. Ya tuna mata yadin da ya saya mata shekarar da aka haifi auta. Ta shanye shayinta, ta ɗauraye kofin, ta ɗauko gwangwanin ta juye kuɗin a jakarta, ta rataya jakar a wuya, da ita ta shiga wanka. Kwana biyu jakar ba ta bar jikinta ba.

Da ya ga ba sarki sai Allah, Manaja ya aika wa Mai Kujeru cewa ya zo ya ɗauka, amma da tsakar rana, lokacin da maza suna wurin aiki, kuma motar ta tsaya a bayan layi. Shi da kansa ya nemi izini a kamfani cewa haƙori ke damunsa.

Mai Kujeru ya zo da tsakar rana, ya kafa motar a ƙofar gida, direbansa ya danna ham sau biyu. Ƙato ne mai fara'a, irin mutanen da ke dariya suna lissafi. Ya shiga falo ya tsaya, ya ga ledar, ya ga salatif, ya ga tabarma.

"Yallaɓai, wai da gaske ba a taɓa zama ba?"

"Ko ƙuda bai sauka ba," in ji Manaja, yana murmushin wanda ya ci jarrabawa. "Yadda ka ba ni, har da ƙari. Ledar sama tawa ce, na bar maka."

"Allah ya saka. Shekara ashirin ina sana'ar nan ban ga irinka ba."

Ya ciro reza ya tsaga ledar doguwar kujera daga kai zuwa kai. Wari ya fito, irin na rigar da aka manta a bokiti. Yadin ruwan zuma ya koma kore da baƙi, tabo-tabo. Mai Kujeru ya ɗora tafin hannunsa a wurin zama ya danna, hannun ya shige har wuyan hannu. Da ya zaro, soso ya biyo shi gari-gari, wani ɓera ya biyo soson, ya bi ta kan takalmin Manaja ya shige kicin ba tare da gaggawa ba, kamar ɗan gida.

Aka janyo kujerar daga bango. Bangon jiƙe yake sharkaf da ruwan banɗaki, ledar baya ɓeraye sun huda ta tun tuni, gara kuma ta gina hanyoyinta a jikin katako. Aka buɗe sauran ukun. Da aka ɗaga ɗaya daga cikin ƙananan, kan zaki ɗaya ya zauna a hannun direba.

"Ka ce ba a zauna ba," in ji Mai Kujeru. "Ai an zauna, Yallaɓai. Har an haihu."

"Katakonka ne ba shi da kyau."

"Mai yiwuwa. Amma ni ban ba ka da ɓera ba. Yadda na ba ka na ce."

Ya goge hannunsa da labule, idonsa ya fara yawo a ɗakin. Ya tsaya a kan firji, ya wuce kan talabijin, ya dawo kan firji. A ƙofa matan layi sun taru, kowace da dalilin da ya kawo ta: wannan aron ashana, waccan neman kazarta.

Manaja ya juya ga matarsa. Muryar shugaban taro ta tafi.

"Maman yara, ki rufa min asiri. Ki ba shi. Wallahi zan biya ki."

Anti Tela tana tsaye a bakin kicin, hannunta a kan jakar. Ta san in ta buɗe ta, shekara uku sun tafi a kan gidan ɓeraye, kuma ta san yadda mijinta ke biya. In ba ta buɗe ba, firji zai hau mota, a cikinsa take ajiye abincin yara. Ta zo ta tsuguna gaban doguwar kujera, ta kama gefen yadin, ta ja ɗinkin ya zare kamar an ɗaura shi da fatan alheri.

"Malam, wa ke maka ɗinki?"

"Wasu yara ne a bayan kasuwa. Me ya faru?"

"Nawa kake ba su a saiti?"

Ya faɗa. Ta ce ƙarya ne. Ya yi dariya ya faɗi gaskiya.

"Gobe kekena zai shigo ɗakin nan," in ji ta. "Ka kawo yadi, in ɗinka maka rigunan kujeru. Rabin ladan ka riƙe a bakin bashi, rabi ka ba ni a hannu, har a gama. Firji kuma ka daina kallonsa."

"Duka zan riƙe, Malama, a gama da wuri."

"Yarana su ci salatif? Rabi. In ɗinkina ya zare kamar wannan, ka zo ka ɗauki keken."

Mai Kujeru ya dubi kujerun da ba su da amfani ko a murhu, ya dubi Manaja, wanda ya san ba abin da za a matsa a samu a jikinsa sai turare. Ya ce ya yarda.

Manaja ya numfasa, kafaɗarsa ta dawo daidai. "To, alhamdu lillahi. Dama abin da nake shirin kawowa ke nan. Ka ga, Malam, mu a gidan nan komai da shawara muke yi."

"Ban gama ba, Baban yara," in ji ta, a gaban kowa, ba ta ɗaga murya ba. "Bashin bai mutu ba, mai shi ne ya canza. Duk abin da Malam ya riƙe daga ladana, kai za ka biya ni daga albashinka, wata-wata. Malam shaida ne, matan nan ma shaida ne, tunda sun zo."

"Tsakanin miji da mata har da shaida?"

"Har da ita."

Matan ƙofa suka ce sun shaida, har wadda ta zo neman kaza. Anti Tela ta sa direba ya fitar da kujerun waje ta biya shi ladan ɗauka, ta wangale tagar falo, ta ja takalminta ta tafi wurin mai kekuna, jakar a wuyanta.

A wurin aiki Manaja ya ba da labari cewa ya samo wa iyalinsa kwangila da wani babban kamfanin kayan ɗaki, shi ya sa ya kwashe falo ya mai da shi masana'anta. Wasu sun yarda. Ranar albashi ya fito daga ƙofar kamfani tare da abokansa, yana cikin bayanin yadda ake tafiyar da gida, ya hango matarsa a tsallaken titi, a inuwar shagon mai faci, zare maƙale a gyalenta, tana jira.

"Madam ce ta zo tarbarka?" in ji wani. "Kai, Manaja, ka iya zaman aure."

Manaja ya ce ai sai godiya. Ya tsallaka titin a hankali, hannunsa a aljihu.