Ba a Wuce Kanar Wetherall

A ƙungiyar farautar dila ta ƙauyenmu, Hallowby, kowa da matsayinsa. Mai busa ƙaho yana gaba tare da karnuka, masu bulala suna gefe suna koro karnukan da suka bauɗe, sai shugaba, Kanar Wetherall, sannan mu sauran mahaya. Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: a cikinmu mahaya, ba a wuce shugaba.

Mista Ollerton, mai cire mana haƙori, ya daɗe yana bin ƙungiyar da baƙar kwat. Burinsa a duniya Kanar ya ba shi maɓallan tagulla na ƙungiya, ya sa jar kwat kamar manya. Shi ke rufe ƙofar kowace gona idan an wuce, shi ke cire hularsa don girmama karnuka. A bana, aka ce, zai samu.

Ran wata Asabar mai yayyafi, dokin Kanar ya zo bakin wani rami mai taɓo, ya toge. Kanar bai toge ba. Ya tafi ta saman kunnuwan dokin, ya nutse har wuya kusa da ɗaya gaɓar. Duk muka ja linzami.

"A taimaka masa mana!" in ji Ollerton.

"Ta ina, likita?" in ji Misis Thurlow, wadda ta gaji maɓallanta daga kakanta. "Sai ka tsallaka can, kuma can gabansa ne."

"Yallaɓai, ka ba ni izini in wuce?"

Kanar ya buɗe baki, taɓo ya shiga.

"Ka ji, bai ce e ba," in ji ta. "Kanar, daure, mun aika a kira mai gonar. Shi ba ɗan ƙungiya ba ne."

Ollerton ya dubi baƙar kwat ɗinsa, ya dubi Kanar da taɓo ya kai wa haɓa. Ya zaburi doki ya tsallaka, ya kama kwalar Kanar ya jawo shi.

Kanar ya yi ta tofar da laka. Da numfashi ya dawo, ya riƙe hannun Ollerton ya ce, "Na gode, ɗana. Ka ceci raina. Yanzu ka juya dokinka ka tafi gida."

"Yallaɓai?"

"Ka wuce ni a gaban mutane. Ni da kaina ba zan iya tsallake doka ba."

Maɓallan bana wani lauya aka ba, wanda ya tsaya a baya riƙe da dokin Kanar. Ollerton na nan yana rufe mana ƙofofi. Kanar ya ce yana duba maganarsa.