Amsar Baba Hamoonga

Tun da aka kawo kwamfutar hannu asibitin, Sista Mutinta ta tsani ranar Laraba, ranar da ake yi wa majinyata tambayoyi. Wai majinyaci ne zai faɗi yadda yake ji da bakinsa, a adana a fayil ɗinsa. Likitan tiyata kuwa, mai zuwa daga Lusaka sau ɗaya a wata uku, waɗanda amsarsu ta yi ja kaɗai yake gani.

Abin takaicin, wani ma'aikaci, Lweendo, aka ba wa aikin tambayar, mutumin da bai iya rage murya ba. A tsakiyar jama'a yake tsayawa yana karantowa kamar mai tallar kifi a tasha.

Ranar nan layi ya zo kan Baba Hamoonga, wanda aka yi wa aikin mafitsara kafin damina. Daga bakin ƙofa Mutinta ta jiyo zarnin, duk da man shafawar da tsohon ya lafta. Matar ɗansa, Nchimunya, tana zaune a ƙasa nesa kaɗan, kanta sunkuye.

"Baba! Fitsari yana ƙwace maka?" in ji Lweendo.

Tsohon da ko cin abinci ba ya yi a gaban surukarsa, shi za a yi wa wannan tambayar? Ya dubi bango.

"A'a."

"Ka ga jarumi. Danna nan, fuskar nan mai murmushi."

Tsohon ya danna. Fayil ya yi kore.

Mutinta ta ja Lweendo gefe. "Kai hancinka ya mutu ne? Buɗe fayil ɗin, a kai shi ɗaki a sake tambayarsa."

"Ya kulle, Sista, sai bayan kwana casa'in. An ce kada ma'aikaci ya taɓa, muryar majinyaci ce." Har da 'yar dariyarsa.

Da yake ranar zuwan likitan tiyatar ce, ta tare shi a baranda, ta roƙe shi minti biyu. Ya shafa allo da yatsa, bai ko ɗaga kai ba.

"Mutum arba'in ke jirana. Wannan da kansa ya ce ya warke. Ni zan ƙaryata shi?"

Ƙyama ta kama ta. Ba ta zarnin ba, shekara goma sha bakwai tana wanke abin da ya fi shi. Wannan koren fayil mai tsabta ne take ƙyama.

Ta koma ta ce wa tsohon ya dawo bayan girbi. Ya yi godiya da tafi biyu, ya miƙe a hankali. Inda ya tashi, bencin ya jiƙe.

Nchimunya ta kwance zanenta na sama, ta shimfiɗa a wurin kafin kowa ya gani. Sannan ta matso kusa da Mutinta, murya ƙasa-ƙasa.

"Sista, ni nake wanke wandunansa, wata biyar ke nan. Shi dai kada ya san na sani."